Saƙa wa jariri kayan barka: daga shagon zare zuwa hannun maijego

Abu na farko da mai niyyar saƙa wa jariri kayan barka za ta zauna ta lissafa, tun kafin ta taka kasuwa, shi ne wata da gari. A wane wata ake sa ran haihuwar, kuma a ina yaron zai yi watanninsa na farko? Yawancinmu launi muke fara tunani, da irin adon da za a yi wa bakin shawul don 'yan suna su ɗaga su yaba. Ta haka ake samun rigar da aka sa wa yaro sau ɗaya aka ɗauki hoto, aka ninke, aka tura ƙasan akwati.

Arewacin Kamaru ba yanayi ɗaya ba ne. Ngaundere tana kan tudu, sama da mita 1,000 daga teku, damina takan kama tun Afrilu har Oktoba, kuma ko ba hunturu ba dare da asuba akwai sanyi. Jaririn can yana morar kayan saƙa kusan duk shekara. Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Haka Marwa, haka Kuseri. Sanyinsu na hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu, shi ma da rana ta ɗaga ya tafi. To yaron da aka haifa a Garwa cikin Maris ba zai nemi riga mai kauri ba sai yana wata tara. Idan kika saƙa masa ta sabon haihuwa, kin yi wa akwati aiki. Ki saƙa masa ta ɗan wata tara zuwa shekara, ki faɗa wa uwar ta ajiye. Kuma idan haihuwar fari ce, ki tambaya ko za a tafi wankan gida, domin garin iyayenta ne zai zama garin yaron har a yi arba'in ko fiye.

Ki fara aiki ciki yana wata shida ko bakwai. Akwai gidajen da ba sa son a riƙa zancen kayan jariri kafin a sauka lafiya, sai ki yi saƙarki a ɗakinki ba tare da shela ba.

A shagon zare

A wajenmu zaren saƙa yana shagunan masu kayan teloli ne, gefen maɓallai da zif da leshi. Kusan duk abin da ake kira ulu a can akirilik ne, wato zaren roba, babu gashin tunkiya ko ɗaya a ciki. Wannan ba aibi ba ne. Akirilik yana jure wanki, ba ya tsukewa, asu ba ya cinsa, kuma uwar jariri wanki take kullum. Illarsa ita ce ba ya shan gumi, yana riƙe zafi a jikin yaro. Don haka ya dace da Ngaundere da hunturun Garwa da Marwa, amma yaron bazara auduga ce tasa.

Abin mamaki, a ƙasar auduga muke, hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton da aka kafa a 1974 tana Garwa, a can kuma aka kafa masaƙar Cicam, amma zaren auduga mai kaurin da ya dace da kibiya, wato tsinken saƙa, ya fi na roba wuyar samu, don audugarmu ta fita waje ce ko ta masaƙar yadi. Wanda aka fi gani shi ne siririn nan na kwarashi. Yana yi, idan kika haɗa biyu ko uku kika saƙa su tare. Sai dai auduga ba ta miƙewa ta koma, bakin hula da wuyan safa sukan saki, dole a saƙa su da kibiya mafi siranta.

Idan dunƙulen yana da takarda a jiki, ki karanta abu huɗu: nauyi, tsawo, lambar kibiya, da lambar rini. Tsawon ya fi nauyin muhimmanci. Zaren da nake nufi a duk awon da ke ƙasa shi ne matsakaici, wanda giram 50 ke ba da mita 120 zuwa 150, ana saƙa shi da kibiya mai milimita 4. Lambar rini kuwa, wadda takardun Faransanci ke rubutawa kusa da kalmar bain ko lot, ita ke nuna an rina su tukunya ɗaya. Launi ɗaya mai lambar rini biyu a cikin shago ba a gane shi, sai an gama riga an fito tsakar gida a ga hannun dama ya fi na hagu haske.

Da yawa daga zaren da ke shigo mana ba shi da wannan lamba, wani ma ba takardar gaba ɗaya. A nan sai dabara. Kada ki karɓi wanda aka rataye a bakin shago, rana da ƙura sun riga sun ci fuskarsa. Ki ce, "Alhaji, don Allah a buɗe min sabuwar leda, a ciro min duka daga ciki." Zai ce ai duk ɗaya ne, Hajiya. Ki yi dariya ki ce kin sani, amma dai a buɗe. Sai ki ɗauki biyu ki fito bakin ƙofa, ki haɗa su gefe da gefe a hasken rana, domin fitilar shago tana ɓoye bambanci. Ki goga ɗaya a wuyanki, ba a tafin hannu ba. Hannun da ya saba da wanke-wanke ba ya jin kaushin da fatar jariri za ta ji. Ki ja zaren kamar kamu ɗaya ki murza tsakanin yatsu. Idan ya tashi da gashi nan take, wanki biyu zai yi ƙuraje. Araha ba ta ado.

Kaurin zaren da ba shi da takarda ana gane shi haka: ki ninka shi biyu ki ɗora a kan kibiya, idan faɗinsu ya zo daidai, kibiyarsa ke nan. Irinsa kuma wuta ke faɗa. A gida ki yanki ɗan guntu, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki kusanta ashana. Akirilik narkewa yake, ya bar baƙin dunƙule mai tauri, da warin roba. Auduga tana ci da sauri kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake, tokarsa tana murƙushewa. Ja, shuɗi mai duhu da kore, ki jiƙa guntu ki matse cikin farin ƙyalle. In ya bar launi, kada ki haɗa shi da fari a riga ɗaya.

Hula, safa da riga na sabon jariri suna cin giram 200 zuwa 250, wato dunƙule biyar masu giram 50. Shawul mai santimita 80 kowane gefe yana cin wasu takwas zuwa goma. Ki ƙara ɗaya a kan lissafi ki saya rana ɗaya, don launin da kika bari yau ba lalle ki tarar da shi wata mai zuwa ba.

Wadda ke son zare mai kyau da kuɗi kaɗan ta leƙa wajen 'yan gwanjo. Suwaitar manya guda tana ba da abin da zai ishi kayan jariri har ya ragu. Ki juya ta ciki ki duba ɗinkin gefe. Idan gefuna biyu ne lafiyayyu aka haɗa da ɗinki mai kama da sarƙa, za ta warware zare ɗaya dogo. Idan kuwa keken da ke yanka yana ɗaure baki ne ya bi ta, kowane layi guntu zai fito, ki ajiye musu abinsu. Warwara daga sama ake farawa, daga wuya ko kafaɗa. Ki naɗe zaren a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi da sabulu, ki rataye a inuwa ya bushe. Lanƙwasar za ta ragu sosai, sannan ki dunƙule.

Sauran kayan aiki ba su da yawa: kibiya biyu masu milimita 4, biyu masu 3.5, tef ɗin awo irin na teloli, almakashi, allura mai faɗin kafa marar tsini, da kwarashi ƙarami na ɗauko ido, wato zoben zaren da ke kan kibiya, in ya zame.

Ƙyallen gwaji

Nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma nan ne girman kaya ke lalacewa. Hannu ya bambanta: wata tana matse zare, wata tana sakinsa, zare ɗaya da kibiya ɗaya su fitar da hula biyu, ɗaya ta jariri ɗaya ta ɗan shekara uku.

Ki ɗora ido 28 a kibiya mai 4. Ki saƙa layi ɗaya da idon gaba, layi ɗaya da idon baya (su ne iri biyu na ido a saƙar kibiya), har tsawon ya kai santi 12. Ki rufe, ki wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar, ki bar shi ya bushe a shimfiɗe. Sai ki ɗora tef a tsakiya, ba a gefe ba, ki ƙirga ido nawa ke cikin santi 10. Abin da ake nema 22 ne. In kin samu 24 ko 25, hannunki ya matse, ki koma kibiya mai 4.5. In 19 ko 20 ne, ki sauko 3.5. In ba ki da wata kibiyar, ki gyara lissafin: ki raba abin da kika samu gida goma, ki ninka da faɗin da kike so. Mai ido 20 a santi 10, faɗin santi 24 ido 48 ne a wajenta, ba 52 ba.

Sunayen saƙar da zan yi amfani da su uku ne. Gaba zalla, wato kowane layi idon gaba, yana fitar da kunya-kunya, ba ya naɗewa. Mai santsi, layi ɗaya gaba layi ɗaya baya. Sai roba, ido ɗaya gaba ido ɗaya baya, wadda ke miƙewa ta koma.

Hula

Da ita za ki fara, don tana saurin ƙarewa kuma tana nuna miki halin zaren. Zagayen kan sabon jariri santi 34 zuwa 35 ne, a wata uku ya kusa 40, a shekara kusan 46. Hula takan gaza kai da santi biyu zuwa huɗu don ta kama. Wannan mai santi 33 ce, ta sabon haihuwa.

Ki ɗora ido 74 a kibiya mai 3.5, ki saki hannu wajen ɗorawar, domin bakin da ya matse shi ke barin shaida a goshin yaro. Ki yi roba santi 3. Ki koma kibiya mai 4, ki yi mai santsi har tsawon duka ya kai santi 9.

Yanzu ragewa. Ido na farko da na ƙarshe na ɗinki ne, ba a taɓa su. A layin gaba: ki saƙa ɗaya, sannan ki saƙa 7 ki haɗa biyu, ki maimaita sau takwas, ki saƙa na ƙarshe. Saura 66. Ki dawo da layin baya ba ragi. Layi na gaba ki saƙa 6 ki haɗa biyu, saura 58. Haka za ki yi ta sauka, 5, 4, 3, 2, 1, kowane karo ido takwas na tafiya, kina sa layin baya a tsakani. A ƙarshe ki haɗa bibbiyu sau takwas, ido 10 za su rage. Ki yanke zaren da tsawon kamu biyu, ki zura shi a allura, ki bi ta cikin goman, ki ja su tsuke, da shi kuma ki ɗinke bayan hular.

Ni ba na sa wa hular jariri igiyar ɗaurewa a haɓa, ba na kuma liƙa mata duwatsu. Tuntu ƙarami a sama ba laifi in an ɗinke shi da ƙarfi. Idan bakwaini aka haifa, hula ta fi komai amfani, don ta kai jariri ke saurin rasa ɗumi, kuma a asibiti idan aka kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata hula da safa ake sa masa. A nan ki tambayi awon kansa, ki saƙa daidai shi, ba ado, ba ɗinki mai kauri.

Safa

Safa ƙarama ce amma ita ke da lissafi, ki ajiye takarda da biro kusa. Kibiya mai 3.5, gaba zalla, tsawon ƙafa kusan santi 9. Daga tafin ƙafa ake farawa.

Ki ɗora ido 27, ki saƙa layi ɗaya. Layi na biyu: saƙa 1, ƙara ɗaya, saƙa 12, ƙara, saƙa 1, ƙara, saƙa 12, ƙara, saƙa 1. Sun zama 31. Ki saƙa layi ɗaya ba ƙari. Sai 2, 12, 3, 12, 2 da ƙari a kowane tsakani, sun zama 35. Bayan layin hutu, 3, 12, 5, 12, 3, sun zama 39. Na ƙarshe 4, 12, 7, 12, 4, sun zama 43. Kin lura sha biyun nan ba sa canzawa. Gefuna, wato diddige, da tsakiya, wato yatsu, su ke faɗaɗa.

Ki saƙa layi takwas ba ƙari ba ragi, bangon takalmin ke nan. Sai saman ƙafa, inda sababbin hannu ke rikicewa don ba a kai ƙarshen layi. Ki saƙa 24, ki haɗa biyu, ki juya aikin kamar kin gama. Ki zame ido ɗaya ba saƙa, ki saƙa 5, ki haɗa biyu, ki sake juyawa. Haka za ki yi ta kai da komo a kan ido bakwai na tsakiya, kowane juyi yana cinye ido ɗaya daga gefe, har jimillar ta koma 29: sha ɗaya, bakwai, sha ɗaya. Ki ƙarasa layin, ki yi roba santi 6, ki rufe da sakin hannu. Ki ɗinke daga wuya zuwa diddige zuwa ƙarƙashin tafi. Wuyan a ninka shi biyu, shi ke hana ta zamewa, ba sai an zura igiya ba. Ta biyun ki fara ta a ranar, kafin hannu ya canza.

Da kin gama, ki juya safar ki sa yatsa ki shafa cikinta ko'ina. Duk wani zare da ya yi lilo, ki ɓoye shi cikin saƙa ki yanke. Silin zare ko gashin kai ɗaya kan naɗe wa jariri ɗan yatsa ya tsare jini, yaro ya yi ta kuka an rasa dalili. Saboda haka ne ma ba na son saƙa mai manyan ramuka a safa da hannun riga, komai kyanta.

Riga

Wannan rigar a haɗe ake saƙa ta, daga gindin baya a haura kafaɗa a gangaro gaba, gaba zalla, da kibiya mai 4. Ɗinki biyu kawai gare ta. Ba ita ce ta fi kowace ado ba, amma tana buɗewa ta gaba, ba a cusa kan yaro, kuma tana miƙewa tare da shi.

Ki ɗora ido 52, faɗin baya santi 24. Ki saƙa santi 14. A ƙarshen layi ki ɗora sababbin ido 28, ki saƙa ki dawo, ki ɗora wasu 28 a ɗaya gefen. Hannuwa ke nan, jimilla 108. Kibiyar za ta cika, ki naɗa robar ɗaure kuɗi a gindinta kada ido su zube. Ki saƙa santi 8.

Wuya: ki saƙa 45, ki rufe 18 na tsakiya, ki saƙa 45. Ki zura zare na wani launi cikin 45 na gefe ɗaya ki ɗaure, su jira. A kan ɗaya gefen ki saƙa santi 5, sannan ki ɗora ido 12 ta ɓangaren wuya, sun zama 57. Ki saƙa wasu santi 5, faɗin hannu ya cika 18. Ki rufe 28 na hannu, saura 29, ki gangara santi 14, ki rufe. Ki koma wa masu jira ki yi musu haka, kina lura ƙarin sha biyun ya kasance ta wuya. Maimakon tef, a gefe na biyu ki ƙirga kunyoyin na farko ki yi daidai su. Tef yana ruɗi a saƙar da ke miƙewa.

Ramin maɓalli a gefe ɗaya ake yi: daga bakin gaba ki saƙa 2, ki zagaya zare a kibiya, ki haɗa biyu. Na farko layi huɗu ƙasa da wuya, sai biyu a ƙasa da tazarar santi 4. Uku sun isa, ƙasan a bar shi a buɗe saboda ƙunzugu. Ki ninka rigar a kafaɗa, ki ɗinke daga bakin hannu zuwa hammata zuwa gindi, kina ɗaukar ƙulli ɗaya daga nan ɗaya daga can don ɗinkin ya kwanta. Maɓallan ki ɗinke su da zaren teloli ninki biyu, ki ja kowanne da ƙarfi ki gani. Abin da ya cire a hannunki, a bakin yaro zai ƙare.

Ta ɗan wata tara zuwa shekara tsarin ɗaya ne, awo ne ya canza: faɗin baya santi 28, daga gindi zuwa hammata 18, tsawon hannu 18, faɗinsa 22, wuya 10. Hularsa zagaye 42 zuwa 43, tsawo 17. Ki ninka kowane faɗi da lissafin ƙyallen gwajinki. Zare kuma ki ƙara dunƙule biyu ko uku.

Shawul

Shi ya fi cin zare da lokaci, kuma shi ne bai da wuya. Faɗinsa ba zai zauna a kibiya biyu ba, sai ki saƙa ƙwarya huɗu, kowace ido 44, gaba zalla, tsawon santi 80, ki haɗa su yadda masaƙanmu na gargajiya ke haɗa ƙwaryar zane. Ƙwarya tana shiga jaka, ana saƙa ta a layin awo, a gidan biki, ko a jirgin ƙasan Yawunde da ke kwana a hanya. Bakin ki bi shi da kwarashi zagaye biyu. Geza mai dogayen zare ba na jariri ba ne.

Idan suna ya matso shawul bai ƙare ba, kada ki hana idonki barci. Ki kai ƙananan ukun, shawul ya biyo baya ranar arba'in, lokacin da maijego za ta fara fita kuma ta fi bukatarsa.

Wanki, shanya da miƙawa

Kayan da ya yi wata biyu a hannu ya sha gumi, man shafawa da ƙura, dole a wanke shi kafin ya taɓa jikin jariri. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙarfi, a matsa a hankali, ba cuɗawa ba murɗewa. Ki naɗe a tawul ki danna ruwan ya fita, ki shimfiɗa, ki gyara shi da hannu zuwa awonsa. In an rataye shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo. Dutsen guga kuma, na wuta ko na gawayi, kada ya kusanci akirilik. Yana kwantar da zaren ya yi sheƙi ya saki, ba ya dawowa.

Wannan ya jawo wata matsala da mutanen Ngaundere da kudancinta suka sani, musamman da damina. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a tufafi masu damshi da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsar ta shiga fatar yaro ta yi kamar maruru. Guga ke kashe ƙwan, ga shi kayan saƙa ba a goge su. Don haka a shanya su cikin ɗaki, a kan tire ko tebur, a rufa musu gidan sauro, ba a kan tabarma a tsakar gida ba.

Ranar miƙawa ɗakin maijego cike yake, ba a jin dogon bayani. Ki ninke kayan cikin leda mai tsabta, ki sa ɗan ragowar zaren da maɓalli guda na gyara. Bayan barka da addu'a, ki sami uwar ko kakar da ke kula da wankan, ki faɗa mata a taƙaice: ba ruwan zafi, ba guga, a sa masa 'yar shimi ta auduga a ciki. Ki ƙara da maganar zafi, don mu mun fi tsoron sanyi, sai ka ga yaro cikin hula da safa da riga da shawul, ga garwashi a ɗaki, rana tsaka. A riƙa sa hannu a bayan wuyansa: in da gumi ko ya yi zafi, a rage kaya. In zai yi barci a ɗaki mai ɗumi a cire hular, shawul kuma ya tsaya a ƙirji, kada ya kai fuska.

Bayan wata biyu ko uku hannun rigar ne zai fara gazawa, jikin yana nan da sauransa. Ki karɓo ta, ki warware ɗinkin bakin hannun kamar santi biyu, ki tsinci ido ɗaya daga kowace kunya, za ki samu wajen 36 zuwa 38. Ki yi roba santi 4 da kibiya mai 3.5 da ragowar zaren nan, ki rufe, ki mayar da ɗinkin. Gindin ma haka ake ƙara masa, sai dai shi a tsinci idon gaba biyu da baya a layi ɗaya, a yi gaba zalla don bakin ya kwanta.